Ƙoshiyar Masaƙi da Injin Attajiri: Mas'alar Jari-Hujja da Gurguzu

Wanda ya ƙaga wa harshen Hausa kalmar nan "jari-hujja" ya cancanci tukuici mai tsoka, domin a cikin haruffa 'yan ƙalilan ya tattara abin da malaman Turai suka cika mujalladai suna sharhinsa, wato wani tsarin zaman duniya wanda a cikinsa jarin mutum shi ne hujjarsa, in yana da shi a kasa kunne gare shi ko da shirme yake zubawa, in ba shi da shi kuwa ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe. Kishiyarta, wato "gurguzu", ita ma ta daɗe a bakin masu karanta labarai a rediyo, har ta zama kamar wata unguwa da kowa ke jin sunanta amma ba kowa ya taɓa ratsa lungunanta ba. Wanda ya fi kowa suna a unguwar shi ne wani Bajamushe mai ƙasumba, Karl Marx, wanda aka haifa a garin Trier a 1818, ya rasu a Landan a 1883. Kuma tun da yake an zubar da jini mai yawa da sunansa, an kuma ƙwato haƙƙoƙi masu yawa da hujjojinsa, ya kamata mai hankali ya san abin da mutumin ya faɗa kafin ya yabe shi ko ya tsine masa.

Maganar, in an bi salsalarta, daga itacen wuta ta taso. A 1842 Marx yana saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, ya gama karatun falsafa, yana shugabantar wata jarida a birnin Kolon, sai ya ɗauki muhawarar da majalisar lardinsu ta yi a kan wata doka ya yi mata filla-filla. Tun kaka da kakanni matalautan wannan yanki suna shiga daji su tsinci busassun rassan da iska ta kayar su kai gida su hura wuta, ba mai ce musu kanzil. Amma da itace ya yi kuɗi, sai masu dazuzzukan suka nemi a mayar da wannan tsintuwa sata, a hukunta tsohuwar da ta ɗauki ƙirare kamar yadda ake hukunta wanda ya sare bishiya ɗanya. Abin da ya tsaya wa Marx a rai shi ne masu zaman majalisar su ne masu dajin, ko 'yan'uwansu, ko surukansu, har ya zamana mai ƙara shi ne mai tsara doka. Gwamnatin Furusiya ta rufe jaridar a 1843, amma tambayar da ya tsinta a gindin waɗannan itatuwa ita ya riƙa juyawa har shekara arba'in: shin doka da sarauta da abin da jama'a suke kira adalci daga sama suke sauka, ko kuwa daga mallakar dukiya suke tsirowa?

Ya yi hijira zuwa Faris, inda a 1844 ya ƙulla abota da Friedrich Engels, abotar da ba ta yanke ba sai da mutuwa. Shi Engels ɗan attajiri ne, mahaifinsa yana da hannun jari a wata masana'antar zare a Manchester, garin da samarinmu suka sani ta dalilin ƙwallo, alhali kuwa a wancan zamani shi ne uwar masaƙun duniya. An aika shi can a 1842 don ya koyi ciniki, sai ya riƙa sulalewa daga ofis, wata yarinya 'yar asalin Ayalan mai suna Mary Burns tana yi masa jagora zuwa unguwannin ma'aikata, inda ya ga iyalai cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a gefen kogin Irk, wanda rini da ƙazanta suka mayar baƙi ƙirin. Don mai karatu ya kwatanta tsananin abin, ya ishe shi ya san cewa dokar da majalisar Ingila ta yi a 1833, wadda aka ɗauka a matsayin babbar rahama, cewa ta yi kada a sa yaron da bai kai shekara tara ba aiki a masaƙa, ɗan shekara tara zuwa sha uku kada ya wuce awa tara a yini, wanda ya haura haka zuwa sha takwas kuwa awa goma sha biyu. In wannan ne sassaucin, to, mai hankali ya san yadda asalin ya kasance. Audugar da injinan suke ci kuwa, akasarinta bayi ne baƙar fata suke tsinke ta a gonakin kudancin ƙasar Amurka. Engels ya rubuta abin da ya gani a littafi a 1845, kuma a watan Fabrairu na 1848 su biyu suka fitar da ƙaramar risalar nan ta manufofin 'yan kwaminis, wadda ta fi duk abin da suka rubuta yaɗuwa a duniya.

Daga 1849 Marx ya tare a Landan, cikin talauci irin wanda ke sa mutum kai rigar sanyinsa jingina, har 'ya'yansa uku suka rasu a 'yan shekarun da ya yi a ɗakunan haya na unguwar Soho. Kullum yana ɗakin karatu na gidan tarihin Biritaniya yana tonon rahotannin sufetocin masana'antu, Engels kuma yana Manchester yana aikin kamfanin da yake ƙi, yana aiko masa da abin cefane daga ribar zare. Ke nan gumin ma'aikatan Manchester ne ya ciyar da marubucin da ya tona asirin masu shan guminsu, kuma wannan ba ƙaramin abin al'ajabi ba ne. Juzu'in farko na babban littafinsa, Das Kapital, wato Jari, ya fito a 1867. Sauran biyun Engels ne ya tattara su daga tarkacen takardu bayan rasuwarsa, ya fitar a 1885 da 1894.

To, mene ne matanin karatun? Ginshiƙinsa na farko shi ne ma'anar "aji", abin da masu Larabci suke kira ɗabaƙa. A wurin Marx ba yawan abin da ke aljihun mutum ke sa shi a aji ba, ba kuma asalinsa ko launin fatarsa ba. Abin dubawa ɗaya ne, shi ne wa ya mallaki abin da ake samar da arziki da shi, wato ƙasa da kayan aiki da injina, wa kuma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. A nan akwai wani dacen tarihi da ke sauƙaƙa mana fahimta. A 1851, shekarar da Marx yake fama da masu bin bashi a Soho, wani Bajamushen dabam, matafiyin nan Heinrich Barth, ya shigo Kano, ya ga yadda saƙi da turkuɗi da kore na ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, abin da kuma ya burge shi, kamar yadda ya rubuta, shi ne ana gudanar da wannan babbar sana'a a cikin gidaje, ba a manyan masana'antu masu ƙasƙantar da ɗan Adam irin na Turai ba. Kada dai mu zuzuta wancan zamani fiye da kima, domin akwai bayi a rinji da gandu suna noman audugar. Amma masaƙin da Barth ya gani a zaune a inuwa, da ƙoshiyarsa da kwarkwaronsa, kayan aikin nasa ne, in ya saƙa ƙwarya shi zai kai ta kasuwa ko ya ba dillali, in ya ga dama ya tashi ya tafi jana'iza ba sai ya nemi izinin kowa ba. Takwaransa na Manchester ya fi shi saƙa yadi ninkin ba ninki, amma ko zare ɗaya ba nasa ba ne, ƙararrawa ke shigar da shi, ƙararrawa ke fitar da shi, ranar da aka rufe masa ƙofa kuwa ba shi da gonar da zai koma. Wannan rabuwa tsakanin hannu da kayan aiki ita ce a ganin Marx haihuwar jari-hujja, kuma ya cika babi-babi yana nuna cewa ba da lalama aka yi ta ba, sai da aka killace filayen kiwo da noma na ƙauyukan Ingila, aka kori mazaunansu, aka yi dokoki masu tsanani a kan masu yawon bara, kana aka sami taron mutanen da yunwa za ta kora bakin ƙofar masana'anta.

Ginshiƙi na biyu, wanda shi ne zuciyar littafin, amsa ce ga wata tambaya da yaro zai iya yi amma manya su daburce: daga ina riba take fitowa? In an ce daga saye da araha a sayar da tsada ne, to, abin da Audu ya ci shi ne abin da Garba ya rasa, dukiyar gari ba ta ƙaru da anini ba. Amma ga shi muna ganin dukiya tana ƙaruwa. Marx ya ce akwai haja guda ɗaya tak a kasuwa wadda in ka saye ta ka yi amfani da ita takan haifar da fiye da kuɗinta, ita ce ƙarfin ɗan Adam. A ƙaddara, alal misali, wani tela a kamfanin ɗinki, yana aikin awa goma ana biyansa naira dubu huɗu, kuma bayan an fitar da kuɗin yadi da zare da wuta da lalacewar keke, aikin hannunsa ya ƙara wa kayan darajar naira dubu goma. Ke nan tun a awa ta huɗu ya riga ya biya ladansa, awa shidan da suka rage kyauta yake yi wa mai keke. Wannan ragowa ita Marx ya kira rarar ƙima, ya ce daga cikinta ake yanko ribar mai kamfani da kuɗin ruwan banki da hayar mai fili da harajin hukuma. Wayon abin shi ne ba a saci ko kwabo ba a zahirin shari'a, an yi ciniki da yardar juna, an biya abin da aka alkawarta. Bawa ya san yana yi wa ubangijinsa aikin banza, manomin da ake kira gandun sarki ya san wace rana ce tasa wace ce ba tasa ba, amma albashi yana lulluɓe iyakar, har ma'aikaci ya zaci an biya shi dukan yininsa.

Wanda yake son ya ga iyakar a fili, ba lulluɓi, ya tsaya a bakin titin Kano ya tambayi mai tuƙa babur ɗin A Daidaita Sahu wanda ba nasa ba. Shi lissafinsa a juye yake: daga asuba yana neman kuɗin mai, sa'an nan kuɗin tikiti, sa'an nan balas ɗin mai babur, wanda ba ya ragowa ko an yi ruwa ko an yi zanga-zanga, sai in duk waɗannan sun cika, wataƙila bayan la'asar, kana ya fara nema wa gidansa abin tuwo. Ya san sa'ar da ya daina yi wa wani aiki ya fara yi wa kansa, ya fi kowane farfesa saninta. Almajiran Marx za su yi gardama su ce wannan haya ce ba albashi ba, kuma suna da gaskiya ta fuskar istilahi. Amma mas'alar asali ba ta sake ba, wato babur ɗin na wane ne.

Ba Marx ne farkon wanda ya ce aiki ne tushen ƙima ba. Turawan Biritaniya biyu, Adam Smith da David Ricardo, sun riga shi, kuma tun a 1377 Ibn Khaldun ya tabbatar a Muƙaddimarsa cewa abin da mutane suke samu na dukiya ƙimar ayyukansu ne, ya kuma ja kunnen sarakuna cewa zalunci a kan dukiyar talakawa shi ke rushe raya ƙasa. Akwai kuma wani abin lura da Bahaushe kaɗai zai ji daɗinsa. A rubutun boko, ribar ciniki wadda shari'a ta halatta da ribar bashi wadda ta haramta duk haruffansu ɗaya ne, sai a furuci ake bambance su, domin kalmomi ne biyu na Larabci da suka haɗu a bakinmu. Fiƙihu ya gina katanga mai tsawo a tsakaninsu, ya ce mai ciniki ya ɗauki kasadar hasara shi ya sa ribarsa ta halatta. Marx kuwa, in an taƙaita shi, cewa yake yi katangar ba ta da tushe, su biyun 'ya'yan ciki ɗaya ne. Ni a nawa ɗan nazarin, a nan ne hujjarsa ta fi rauni, domin ya rage wa kasada da dabara da haƙurin tara jari matsayinsu, kuma masana tattalin arzikin da suka zo daga wajen 1870 sun nuna cewa buƙata da ƙarancin abu suna da hannu babba a farashi, shi ya sa ruwan da aka ɗebo da wahala ɗaya yake da tsada a bazara ya zama banza a damina. Amma raunin lissafinsa bai kawar da abin da ido ke gani ba, cewa in mutum biyu suka zauna ciniki, ɗaya zai iya jiran wata shida, ɗayan kuwa ba zai iya jiran gobe ba, to, yardar da aka ce sun yi da juna akwai magana a cikinta.

Daga nan ya ɗora sauran ginin. Ya ce tun da mai jari yana son yini ya yi tsawo lada ya yi kaɗan, ma'aikaci kuma yana son akasin haka, to, husuma a tsakaninsu ba ta mugun hali ba ce, ta tsari ce, ko da mai masana'antar waliyyi ne gasar 'yan'uwansa za ta tilasta masa ya matse ko ya karye. Ya ce gasar nan za ta sa manyan kifaye su haɗiye ƙanana, a riƙa sabunta injina ana sallamar mutane, a tara rundunar marasa aiki a bakin ƙofa don na ciki su ji tsoron neman ƙari, kuma lokaci-lokaci kasuwa za ta cushe, a wayi gari rumbuna cike da kaya mutane kuma suna yawo da tsumma, ba don an rasa ba sai don an yi yawan da ba mai iya saye. Gwamnati kuma a ganinsa ba alƙali ba ce mai zama tsakani, wakiliyar masu dukiya ce. Bai raina jari-hujja ba, bal ma ya yaba masa fiye da yadda masoyansa suke yi, ya ce ya haɗa duniya da jiragen ƙasa da na ruwa, ya tumɓuke tsofaffin sarautu. Sai dai, in ji shi, yadda attajiran Faransa suka kifar da sarauta a juyin da ya faro a 1789, haka su ma ma'aikatan da suka tara a ƙarƙashin rufi ɗaya za su kifar da su, a mayar da masana'antu mallakar jama'a, azuzuwa su shuɗe, a ƙarshe ita kanta hukuma ta zama ba a buƙatarta. Wannan shi ne juyin juya hali a istilahinsa, ba sauya mai zaman kujera ba, sauya mai mallakar abin da ke ciyar da gari. A rayuwarsa sau ɗaya ya ga ƙyallinsa, a 1871, lokacin da ma'aikatan Faris suka riƙe birnin kwana saba'in da biyu, suka yanke wa jami'ansu albashi daidai da na ƙwararren ma'aikaci, kafin sojoji su shigo a ƙarshen watan Mayu su karkashe dubbai.

Amma duniya ba ta bi alƙalaminsa ba. A ƙasashen da ya sa ran wutar za ta fara kamawa, wato masu manyan masana'antu, ma'aikata sun kafa ƙungiyoyi, sun sami ƙuri'a, sun rage awoyin aiki, sun sami fansho, har ya zamana suna da abin da za su yi hasara. Tun a 1899 wani almajirin gidan, Eduard Bernstein, ya fito ya ce a yi gyara sannu a hankali ta hanyar majalisa, aka yi masa ca kamar mai ridda, amma hanyarsa ce ta haifar da irin asibitin kyauta da gwamnatin Leba ta kafa a Biritaniya a 1948. A 1914 kuma aka ga cewa ƙasa ta fi aji ƙarfi a zukata, domin jam'iyyar gurguzu ta Jamus, wadda ta fi kowace yawan kujeru a majalisa, ta amince da kuɗin yaƙi, ma'aikacin Jamus ya ɗauki bindiga ya harbi ma'aikacin Faransa. Inda juyin ya auku shi ne ƙasashen manoma, Rasha a 1917 ƙarƙashin Lenin, da Sin a 1949 ƙarƙashin Mao, kuma a nan sai aka sami jam'iyya tana mulki da sunan ajin da bai gama haihuwa ba. Ba a musun cewa Tarayyar Sobiyet ta yaƙi jahilci, ta tashi daga garma zuwa harba tauraron ɗan Adam a 1957. Amma tilasta wa manoma shiga gandun gwamnati a zamanin Stalin ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta ci miliyoyi a Yukren da Kazakistan, yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961 kuwa ta fi wannan muni. Hukumar da aka ce za ta narke sai ta kumbura ta zama ita ce mai gona, ita ce mai masana'anta, ita ce mai jarida, ita ce mai kurkuku, ma'aikacin da ya saɓa mata ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Marx ya ƙare ƙuruciyarsa yana mamakin mai daji da ya zama mai doka, bai tanadi komai ba domin ranar da mai doka zai zama mai dajin gaba ɗaya. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a watan Disamba na 1991.

Akwai kuma mas'alar aƙida, wadda ba a tsallake ta a gaban mai karatu Musulmi. Marx ɗan dahriyya ne, bai yarda da wani abu bayan abin da ake gani ba, ya kuma kwatanta addini da maganin kashe zafi da ake ba majinyaci ya samu barci cutar tana nan, gwamnatocin da suka yi mulki da sunansa kuwa sun rufe masallatai da majami'u ba adadi. Wannan ne ya sa malamai da yawa suka yi watsi da karatun ɗungurungum. Waɗansu kuma suka ce a rabe tsaba da tsakuwa, kamar Mustafa al-Siba'i na Sham, wanda ya wallafa littafi a 1959 a kan gurguzu irin na Musulunci, yana kafa hujja da zakka da haramcin ɓoye abinci da tarihin Abu Zarrin al-Gifari, sahabin da ya tsananta wa masu taskace zinariya da azurfa.

A ƙasar Hausa karatun ya shigo ne ta wata ƙofa dabam, kuma ya tarar da gida ba kango ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya lissafa zaluncin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, har da jangali da kuɗin gari da ƙwace a kasuwa. Turawa kuma da suka zo ba masana'antu suka kafa ba. Ƙungiyar masu neman auduga da aka kafa a Manchester a 1902 ta ɗora burinta a kan Arewa, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai manoma suka ga gyaɗa ta fi, suka juya mata. Manomin nan gonarsa tasa ce, fartanyarsa tasa ce, ba wanda ya raba shi da kayan aikinsa. Ta hanyar haraji da ake biya da tsabar kuɗi, da sikelin ɗan kamasho, da farashin da hukumar sayen amfanin gona take yankewa ƙasa da na kasuwar duniya, ta nan ake zuƙe rararsa a jera ta dala-dala. Saboda haka da mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, jam'iyyar kuma ta fitar da sanarwar Sawaba, sun yi maganar gwagwarmayar aji ƙarara, sun kuma ce 'yantar talakawa aikin talakawa ne da kansu, wanda amo ne na ƙa'idar da Marx ya rubuta wa ƙungiyar ma'aikata ta duniya a 1864. Amma ajin da suka nuna da yatsa ba masu injina ba ne, masu riƙe da En'e ne, wato hukumar sarakunan gargajiya.

A nan ne kalmar "talaka" take da sirri. A asalin Hausa talaka ba lalle ne matalauci ba, shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ta yadda attajiri mai raƙuma ɗari in ya zo gaban sarki sai ya tuɓe takalmi ya faɗi, domin shi ma talaka ne. Marx ya raba mutane da ma'aunin mallaka, Bahaushe ya raba su da ma'aunin iko, shi ya sa rundunar Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, ta cika da teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da ƙananan 'yan kasuwa, mutanen da kowannensu yake da kekensa ko wuƙarsa ko tirensa, waɗanda a littafin Marx ba su ne sojojin juyi ba. Abin da ya haɗa su shi ne bulalar ɗan doka da kotun da ba a ɗaukaka ƙara da aikin tilas, kuma da ayoyi da hadisai Malam yake yi musu bayani, ba da lissafin rarar ƙima ba. A Nijar ma sunan Sawaba jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka, ita ce ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959.

Da magadan NEPU suka karɓi mulkin Kano da Kaduna a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, wato ainihin kukan da aka faro tun zamanin Shehu. A wannan lokaci kuma Arewa ta sami ma'aikata irin waɗanda Marx ya siffanta, dubbai suna shiga suna fita da jiniya a masaƙun Kakuri da Bompai da Sharaɗa. Yau akasarin masaƙun nan a rufe suke, atamfar da ta cika Kantin Kwari kuwa mafi yawanta daga Sin take zuwa, ƙasar da har yanzu jam'iyyar kwaminis ke mulki, wadda tun 1978 ta buɗe wa 'yan jari ƙofa. Gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, ranar da asalinta yajin neman aikin awa takwas ne da aka yi a Shikago a 1886. Duk ran ɗaya ga Mayu ana rufe ofisoshi, ƙungiyoyin ƙwadago su yi anko su yi maci a filin wasa a gaban gwamna, yawancinsu kuma A Daidaita Sahu ke kai su ya komo da su, domin mai babur bai yafe balas ɗin ranar ba.